Kabarin da Ya Kwanta a Gicciye

Damina ce mai nauyi a shekarar. Ruwa ya yi ta zuba har katangun ƙasa suka riƙa zubewa a unguwarmu ta Ƙofar Kuyambana a Zariya, kaya kuma sun yi tsadar da kowa ka gaisa da shi sai ya ƙare da zancen kasuwa. Ni dai shekarar da farin ciki ta zo mini. Ɗan farina, wanda ba na faɗin sunansa, Likita nake ce masa kamar kowa, gwamnati ta tura shi aikin asibiti a wata ƙasa mai suna Jamaika, matarsa Hadiza kuma cikinta ya tsufa. Mahaifiyarta ta rasu, babu mai yi mata wankan jego. Sai aka ce ni zan je.

Da Inna, mahaifiyata, ta ji sunan ƙasar, sai ta daina cin abinci sosai. Mahaifinta mutumin can ne. Yana cikin baƙaƙen fatar da Turawa suka kawo su tuƙa jirgin ƙasa lokacin da dogo ya iso Zariya. Ya musulunta a hannun wani malami a cikin birni, aka sa masa Abdullahi, mutane na kiransa Mai Jirgi, aka ba shi kakata. Inna ta fara famfarar haƙori ke nan ya ce zai je ya dubo mahaifiyarsa ba ta da lafiya, zai dawo kafin ruwa ya sauka. Bai dawo ba. Kakata ba ta yi takaba ba, don ba wanda ya ce mata ya mutu. Ba a yi masa sadaka ba, ba a yi wa kowa gaisuwa ba. Inna ta tashi ana ce mata 'yar wanda ya gudu.

Ta kira ni ɗakinta, idonta ya riga ya yi rauni, ta lalubo hannuna ta ce, "Ba gado nake nema ba, kin ji ko? Ki tambayo mini abu guda. Mantawa ya yi da mu, ko hana shi aka yi?"

Na ce, "Inna, mene ne sunansa na can?"

Ta ce, "Kakarki ce kaɗai ta sani. Ke kin taɓa jin mace ta kama sunan mijinta?"

Haka kunya ta sa kakata ta tafi da sunan har kabari. Na kama hanya zan nemo mutumin da ban san sunansa ba.

Zangon farko Landan ne, inda zan canza jirgi. A nan masu binciken kaya suka buɗe jakata suka ci karo da ƙullin kanwar da na ɗauko don kunun mai jego. Wannan ya shinshina, ya miƙa wa wancan. Ba na jin Turanci, sai na ga hanya mafi sauƙi ita ce in nuna musu abinci ne: na gutsuri kaɗan na lasa. Ashe na ƙara ɓata lamarin. Aka shigar da ni wani ɗaki mai sanyi, aka yi ta buga waya, kafin su gamsu jirgina ya tashi. Suka riƙe kanwar da daddawar, suka ce sai na gobe.

Ina zaune a kujerar ƙarfe, ban san gabas ba balle in yi salla, sai wata mata mai goge daɓe ta tsaya ta dubi lallen hannuna. Ta ce, "Mama, daga ina?" Da Hausa! 'Yar zangon Kumasi ce, a ƙasar Gana. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Ta kawo mini shayi da burodi daga abincinta, ta kai ni inda zan yi alwala, ta juya ni da kafaɗa ta ce, "Nan ce alƙibla." Ban tambayi sunanta ba, har yau ina jin haushin kaina. Tun daga ranar, duk inda na sauka, alƙibla nake fara tambaya.

Zango na biyu Kingiston, babban birninsu. Zafi kamar na gida, amma mai ɗanko, ga teku ga duwatsu. Mutanen kuwa in ka kalle su sai ka rantse a kasuwar Zariya ka san su, sai sun buɗe baki ka tuna kai baƙo ne. Likita ya nuna mini alƙibla: inda rana ke fitowa, a ɗan karkata hagu. Da na ba shi labarin kanwa sai ya yi dariya ya ce, "Umma, Allah ya saka musu da alheri. Da ma ina tunanin yadda zan hana." Hadiza ta sunkuyar da kai tana murmushi, na gane bakinsu ɗaya.

Ta sauka lafiya, aka sami mace. Wankan dai ban bari ba. Na sa aka samo rabin duro, na haɗa murhu a bayan gida. Ranar farko hayaƙi ya tashi, sai ga wata dattijuwa ta leƙo ta kan shinge da bokitin ruwa a hannu, ta ɗauka gobara ce. Maƙwabciyarmu ce, Mis Aibi, tsohuwar malamar makaranta. Hadiza ta yi mata bayani ta taga. Matar ta ajiye bokitin, ta tafi, ta dawo da ɗaurin ganye ta ce kakarta ma da irinsa take wa masu jego wanka. Daga nan muka ƙulla. Ba ta jin nawa, ba na jin nata, amma mukan zauna mu yi ta tsinke wake, in abu ya gagari hannu mu kira Hadiza.

Kewar gida takan taso mini da la'asar. Babu kiran salla, babu sallamar maƙwabta, babu mai tallar fura. Sai in tuna Inna na can zaune a bakin ƙofa tana jira, ni kuma ko fara tambayar ban yi ba.

Bayan arba'in Likita ya ɗauke mu zuwa wani tsohon gari, Sifanish Tawun, inda ake ajiye takardun haihuwa da aure da mutuwa na dukan ƙasar. Ma'aikaciyar ta karɓe mu da fara'a, ta ɗauki alƙalami ta tambayi sunansa. Likita ya dube ni. Na ce Abdullahi. Ta ce na can fa, wanda iyayensa suka sa masa? Ta ce a wane yanki aka haife shi? Ba mu sani ba. Ta ajiye alƙalamin a hankali, ta ce ba ta ƙi taimako ba, amma takardun nan da suna ake shigarsu.

A bakin ƙofa wani mutum mai kwat da jakar hannu ya tare mu. Ya ce ya ji komai, aikinsa ke nan, ya sada iyalai da yawa da danginsu. Ya zauna da mu a inuwa, ya yi ta tambaya, ni kuma da murna na zazzage masa duk abin da na sani. Likita ya biya shi. Ba a jima ba ya aiko cewa an dace.

Ya kai mu wani gida a gefen gari. Tun daga ƙofa wata mata ta rungume ni tana kuka, wai kakana ƙanen babanta ne. Duk abin da na faɗa wa mai kwat, shi ta maimaita mini, ba ragi ba ƙari. Hadiza na goye da jaririya tana fassara, sai na ga ta ɗan ɗaga gira. Ta ce wa matar, "Dogo ne ko?" Matar ta ce dogo sosai, sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Can an jima Hadiza ta ce, "Af, na yi kuskure, an ce gajere ne." Matar ta ce ƙwarai, gajere ne, duk danginsu haka suke. Kafin mu juya, mai kwat ya ce zai je sayen sigari. Har yau yana can yana saye.

A mota Likita ya ce, "Umma, a bar maganar nan. A ce wa Inna an nema ba a samu ba. Ai gaskiya ce."

Na ce, "Gaskiya ce, amma ba ita ta aike ni in kawo ba."

Ni dai na koyi darasi: daga yau ba zan ƙara ba kowa labari ba, sai dai a ba ni.

Lokacin bikinsu na Kirsimeti, Mis Aibi ta shigo da tulun gilashi cike da wani jan abin sha, tana ta yi wa Hadiza bayani wai abin ƙasarsu ne, ta cire mini nawa kafin ta zuba giya a nasu. Na kurɓa. Na ce, "Hadiza, ai zoɓo ne!" Zoɓo sak, sai dai citta ta yi masa yawa har tana kama maƙogwaro. Na yi dariya na ce Inna takan ce haka mahaifinta yake son sa, kakata na faɗan yana ƙarar mata da citta, shi kuma yana cewa a garinsu a kan dutse suke nomanta, har rufin ɗaki ƙanshinta yake.

Hadiza ta fassara don a yi dariya. Mis Aibi ba ta yi ba. Ta ajiye kofinta ta ce a maimaita. Ta ce citta ba ko'ina ake nomanta a ƙasar ba, sai a duwatsun tsakiya. Ta ce, "Ba ku da suna, amma kuna da sana'a, yanzu kuma kuna da yanki. A takardar mutuwa ana rubuta aikin mutum. Manoma ne cike da duwatsun nan. Direban jirgin ƙasa nawa za a samu?"

Na ce, "In kuma bai mutu a lokacin ba fa? In aure ya yi ya zauna?"

Ta dube ni ta ce, "To sai mu san hakan."

Muka koma Sifanish Tawun, ni da ita da Hadiza, a motar haya, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Likita ya ƙiyasta mana shekarun daga famfarar Inna. Mis Aibi ta rubuta mini kalmomin direban jirgi da Turanci a ɗan kati, ta nuna mini layin da ake rubuta sana'a. Ni da na koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, ina da 'ya'ya biyar, ga ni ina bin rubutun tafiyar tsutsa na mutanen da suka daɗe da mutuwa, da yatsa, layi bayan layi. Idona ya yi ta ruwa. Wani shafin rabinsa yara ne. Nakan ɗan tsaya kafin in wuce.

Mun sami direbobi uku. Na farko tsoho ne tukuf. Na biyu mun bi sawu har gidan jikokinsa, suka ce bai taɓa ƙetare teku ba, suka cika mana jaka da lemo don kada mu koma hannu sake. Na ukun Mis Aibi ce ta gano shi. Josaya Kambel, shekararsa wajen arba'in, ciwon ƙirji, 'yar'uwarsa ce ta kai rahoton rasuwar. Ga sunan ƙauyen a gefe.

Zango na ƙarshe shi ne ƙauyen. Likita ya ɗauki hutu ya tuƙa mu. Hanya ta yi ta nannaɗe dutse kamar rawani, na rufe ido ina salati. Da muka sauka, ƙanshin citta ne ya fara tarar mu, an shanya ta a kan kwanon rufi. Aka nuna mana gidan Kambel. Wata tsohuwa ce a ciki, Anti Dora, za ta girmi Inna da kaɗan. Da Mis Aibi ta ambaci Josaya, sai ta ɗaure fuska. Ta ce kawunta ne, ƙanen mahaifiyarta, kuma a gidan nan ba a zancensa.

Na ce wa Hadiza kada ta faɗi komai game da mu, ta ce dai daga Afirka muke. Muka zauna. Aka kawo ruwa. Na kwance jaririya na miƙa wa tsohuwar, ta karɓa tana jijjiga ta, can sai ta fara magana, ba ta kallon kowa.

Ta ce ya dawo daga Afirka ya zama wani iri. Ba ya cin alade, ba ya shan giya, yini yake yana wanke ƙafa yana buga goshi a ƙasa. Mutane suka ce asiri ya koyo. Ya zo jinyar mahaifiyarsa, ita ta tashi, shi ya kwanta. Akwatinsa a ɗaure yake a bakin gado, kullum yana tambayar ranar jirgin ruwa. Da ya ga ba zai tashi ba, sai ya sa 'yar'uwarsa ta rantse za a binne shi yadda ya ce. Ta cika alkawari, kuma abin ya zame wa gidan abin kunya har yau.

Likita ya ce, "Wane irin binnewa?"

Sai ta miƙe da sandarta ta ce mu biyo ta.

A can, kowane gida a bayan ɗaki yake binne nasa. Mu a gida mata ba ma zuwa maƙabarta, amma nan ko taku kaɗan ba mu yi daga madafa ba. Kaburbura ne a jere, an shafe su da farar ƙasa, duk sun miƙe ƙafa na kallon gabas. Sai guda ɗaya can gefe, ciyawa ta rufe shi, ya kwanta a gicciye.

Anti Dora ta ce a wurinsu, mugun mutum ko wanda ya kashe kansa ake kwantarwa haka, ya gitta wa duniya. Shi kuwa da bakinsa ya roƙa. Ya ce a kwantar da shi a gefen dama. Tun tana yarinya ake nuna gidansu da baki, ana cewa ko me ya aikata a Afirka, shi ya san hukuncin da ya yanke wa kansa. Shi ya sa ba a shafa masa farar ƙasa.

Na tambayi inda rana ke fitowa. Ta nuna da sanda. Na tsaya a bayan kabarin, na fuskanci wurin, na ɗan karkata hagu. Daidai. Ko liman ne ya auna iyakar abin da zai yi ke nan. Na durƙusa.

Na ce, "Hadiza, gaya mata. Haka muke kwantar da kowa namu. Malamai da sarakuna da jarirai. Haka aka kwantar da mahaifina, haka za a kwantar da ni. Ba gitta wa duniya ya yi ba, ɗakin Allah ya fuskanta."

Hadiza ta faɗa. Tsohuwar ta sa aka maimaita mata. Ta ce, "Ba mugu ba ne ke nan?"

Na ce, "Mai salla ne."

Ta zauna a kan kabarin da ke kusa, ta rufe fuska da gefen rigarta. Ta ce mahaifiyarta ta mutu tana zaton ta taimaki ɗan'uwanta shiga wuta.

Saura tambayar Inna. Ban so in sa mata magana a baki ba, sai na ce a tambaye ta ko ya bar kowa a can. Ta share ido ta ce ai da su yake kwana yake tashi. Mata da 'ya guda. Ya sayo wa yarinyar jan takalmi a birni, ya auna da tafin hannunsa. Bayan ya rasu aka ba ta, ita Dora, amma ya yi mata kaɗan, ta yi ta kuka. Ba su san inda za su aika saƙo ba, Afirka kawai suka sani. Ta ce, "Sunan yarinyar ma ina riƙe da shi, don shi ya yi ta kira a ƙarshe." Ta ɗaga kai tana lalubo shi. Ta ce, "Asabe."

Sunan Inna ke nan. Ban taɓa faɗinsa da bakina ba, yau ne ma na fara rubuta shi. Ko mai kwat da na zazzage wa komai ban gaya masa shi ba, ban gaya wa Mis Aibi ba.

Likita ya cire takalmi ya yi addu'a, muka shafa. Anti Dora ta riƙe fuskata da hannu biyu tana dubawa, wai goshin nasu ne. Kafin mu tafi ta sa an kawo adda, Likita da kansa ya sare ciyawar. Ta ce farar ƙasa kuwa, ita za ta shafa da hannunta.

Na dawo Zariya da bazara, gari ya yi zafi ana jiran ruwa. Ban ko kwance kaya ba na shiga ɗakin Inna. Ta ce, "Ke ce?" Na ce ni ce. Ba ta tambaye ni hanya ba, ba ta tambayi jaririya ba. Ta dai riƙe hannuna.

Na ce, "Inna, hana shi aka yi. Akwatinsa a ɗaure yake. Ya saya miki jan takalmi."

Na ba ta labarin duka, har kabarin da yadda ya kwanta. Na sa mata cittar da Anti Dora ta aiko a tafin hannu, ta kai hanci ta daɗe. Sannan ta ce in faɗa mata sunan. Na faɗa. Ta maimaita a hankali, ta sake maimaitawa, kamar mai koyon karatu. Can ta ce, "Ashe maraya ce ni, ba yasasshiya ba." Ta ce a kawo mata tuwo.

Washegari da safe na jiƙa gero, na daka gumba, na fasa goro, na aika gida-gida. Na shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, na ɗaura wa Inna sabon kallabi na zaunar da ita. Maƙwabciyarmu Hajiya Balaraba ce ta fara shigowa, mayafi a karkace, tana salati.

"Lafiya? Wa ya rasu ba mu ji ba?"

Na ce, "Kakana ne. Malam Abdullahi Mai Jirgi, wanda iyayensa suka sa wa Josaya."

Ta tsaya ta dube ni, ta dubi Inna. Sannan ta tuɓe takalmi, ta durƙusa a gabanta ta ce, "Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa."

Inna ta gyara zama ta ce, "Amin. Haƙuri da godiya."